Babi na Shida: Tabon Ruwa a Jikin Mota da Jirgin Ruwa

Tabon ruwa shi ne farin zoben nan, ko ɗigo-ɗigo mai launin toka, da ke bayyana a jikin mota ko gilashinta ko jikin jirgin ruwa bayan an wanke su sun bushe. Masu motoci da dama a Samaru da Sabon Garin Zariya suna ɗora laifinsa a kan mai wanki, suna ganin ganda ce ko rowar sabulu ta sa datti ya rage, shi kuma mai wanki yakan mayar da laifin kan ƙura ko tsufan fenti. Dukansu biyu sun kauce wa asalin lamarin, domin daga cikin ruwan wankin kansa tabon yake fitowa. Duk ruwan da aka ɗebo daga rijiya ko burtsatse ko famfo yana ɗauke da ma'adinai narkakku waɗanda ido ba ya gani, kuma idan rana da iska suka ɗauke ruwan, ba sa ɗaukar kayan da ya zo da su, sai su bar su a daidai inda ɗigon ya tsaya. Wannan babi zai bayyana irin waɗannan ma'adinai, da dalilin da ya sa yanayin Zariya yake tsananta aikinsu, da hanyoyin cire tabon gwargwadon zurfinsa, sannan ya nuna cewa mafi yawan rigakafinsa yana cikin 'yan mintunan da ke tsakanin ɗauraya da bushewa.

Kayan da ruwa ke ɗauke da su

Ruwan sama yana faɗowa kusan babu komai a cikinsa, amma da zarar ya nutse cikin ƙasa sai ya shiga narkar da kaɗan-kaɗan daga duwatsu da ƙasar da yake ratsawa. Manyan abubuwan da yake kwasowa su ne kalsiyam, wato sinadarin da ke cikin farar ƙasa da ɓawon ƙwai, da maganiziyam, da silika wanda shi ne ainihin yashi da gilashi, da baƙin ƙarfe, da gishiri iri-iri. Ruwan da kalsiyam da maganiziyam suka yi yawa a cikinsa ana kiran sa ruwa mai tauri, kuma matan gida sun san shi tun kafin masana su sa masa suna, domin shi ne ruwan da sabulu ba ya kumfa sosai a cikinsa, shi ne kuma yake barin farin ɓawo a gindin butar shayi. Ana auna taurin ruwa da miligiram a kowace lita, kuma bisa rabon da aka saba amfani da shi, ruwan da bai wuce miligiram 60 ba mai laushi ne, daga 61 zuwa 120 matsakaici ne, daga 121 zuwa 180 mai tauri ne, abin da ya haura 180 kuwa mai tsananin tauri ne. Akwai kuma ma'auni na biyu da ke haɗa jimillar duk abin da ya narke a ruwa, kuma ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya da aka fitar a 2007 ta sa iyakarsa a miligiram 500 a lita.

Abin lura a nan shi ne ruwa yana iya zama garai-garai, mai daɗin sha, wanda ya cika duk ƙa'idar lafiya, amma ya bar tabo a jikin mota. Ƙaramin lissafi zai nuna haka. Idan ruwan wanki yana ɗauke da miligiram 300 a lita, aka bar rabin lita ta bushe a jikin mota, to an shimfiɗa mata miligiram 150 na ma'adinai, kuma idan ana wanke ta sau ɗaya a mako, a shekara an tara mata kusan giram 8. Nauyin ba shi da yawa, sai dai ba a shimfiɗe yake bai-ɗaya ba, a tattare yake a dubban ƙananan wurare, kowanne yana cin fenti a inda yake.

Dalilin da ya sa tabon yake fitowa da siffar zobe, gefensa ya fi tsakiyarsa fari, an bayyana shi a 1997, lokacin da Robert Deegan da abokan aikinsa a Jami'ar Chicago ta Amurka suka wallafa bincikensu a mujallar Nature kan zoben da ɗigon gahawa ke bari idan ya bushe. Sun nuna cewa bakin ɗigo yana maƙalewa a wuri ɗaya, kuma ruwa ya fi saurin tashi daga bakin, saboda haka ruwan tsakiya yana ta kwarara zuwa gefe domin cike gurbi, yana jan duk abin da ke cikinsa yana jibgewa a can. A jikin mota ma haka abin yake, shi ya sa ɓarnar fenti take farawa daga da'irar zoben, inda ma'adinan suka fi taruwa.

Ruwan Zariya da yanayinta

Ƙasar Zariya tana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri irin wanda ya ɓullo sarari a Kufena, kuma irin wannan dutse ba ya narkewa da sauƙi kamar dutsen farar ƙasa da ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato domin yin siminti. Saboda haka ruwan ƙarƙashin ƙasa a wannan yanki, a galibi, bai kai na yankunan farar ƙasa tauri ba. Sai dai yana da nasa kayan: dutsen yana ba shi silika, jar ƙasa da marmara suna ba shi baƙin ƙarfe, rijiyoyi marasa zurfi kuma a unguwanni masu cunkoso suna karɓar gishiri daga kwatami da shara. Sabon Gari, wadda ta kafu bayan isowar layin dogo wajen 1911, da Samaru, wadda ta bunƙasa a gefen tashar binciken aikin gona ta 1922 da Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, dukansu suna shan ruwa daga hanyoyi daban-daban: famfo idan ya zo, burtsatse, rijiyar gida, da jarkokin 'yan ga-ruwa waɗanda sau da yawa mai saye bai san inda aka ɗebo su ba. Ruwan famfon da ake tacewa daga kogin Galma, da wanda jami'a ke tacewa daga madatsarta ta Kubanni, ana cire musu laka da ƙwayoyin cuta, amma tacewa irin wannan ba ta cire ma'adinan da suka riga suka narke. Haka ma alam da ake jefawa cikin ruwa mai laka, yana kwantar da lakar ne kawai, narkakken gishiri yana nan yadda yake.

Idan ruwan Zariya bai kai na wasu wurare tauri ba, yanayinta ya cike gurbin. Ruwan saman da ake samu a Samaru yana kaiwa wajen milimita 1,000 a shekara, kusan dukansa tsakanin Mayu da Oktoba, sauran watannin kuwa na rani ne. A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska tana bushewa ƙwarai har laima a cikinta takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da rana, ta yadda mai wanki yana ɗauraye bayan mota, gabanta ya riga ya fara bushewa. Iskar tana kuma ɗauko ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar gari mai laushi da silika ya yi yawa a cikinsa. Wannan ƙura tana sauka a kan ɗigon da bai gama bushewa ba, ta haɗu da ma'adinan ruwan, su daskare tare. A bazara kuma, cikin Maris da Afrilu, zafin rana yana kusantar digiri 40, kuma murfin injin baƙar mota da aka ajiye a rana yana iya haura digiri 70, zafin da ke busar da ɗigo cikin ƙanƙanin lokaci yana kuma sassauta fentin da ke ƙarƙashinsa. Yayyafin farkon damina shi ma yana da nasa sharrin, domin yana wanko ƙurar da ta taru a sama watanni, ya sauke ta a jikin mota, ya ɗauke kafin ya yi yawan da zai wanke abin da ya kawo.

Matakan tabo uku

Kafin a yi maganar magani dole a san yadda fentin mota yake, domin yawancin ɓarnar da ake yi wajen cire tabo daga rashin sanin kaurinsa take tasowa. Fentin motocin zamani, tun daga shekarun 1980, hawa-hawa ne: akwai shimfiɗar farko da ke kama ƙarfe tana hana tsatsa, sai launi, sannan wata shimfiɗa garai-garai a sama wadda ita ce ke ba mota ƙyalli tana kare launin daga rana. Ana auna waɗannan da maikuron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Dukan fentin da kamfani ya fesa yakan kasance tsakanin maikuron 100 zuwa 150, shimfiɗar ƙyallin kuwa wajen 40 zuwa 50 ce kawai, abin da bai kai kaurin silin gashin mutum ba. Duk tabon ruwa a kan wannan siririyar shimfiɗa yake zama, duk gugar da za a yi kuma daga jikinta ake ragewa.

Matakin farko shi ne tabon da ke zaune a sama, wanda bai daɗe ba, kuma idan aka shafa yatsa ana jin ɗan kaushinsa. Na biyu shi ne wanda ya kwana biyu ya sha rana har ya manne, wanki da sabulu ba ya ɗaga shi. Na uku shi ne wanda ya riga ya ci fenti: ma'adinan da suka taru a bakin zobe, tare da zafi da duk wani asid ko alkali da ke cikin ɗigon, sun yi ɗan rami a shimfiɗar ƙyalli, ta yadda ko an narkar da farin gaba ɗaya, siffar zoben tana nan idan aka duba ta gefe a cikin haske. Alkali shi ne kishiyar asid, irin kaifin da ke cikin kanwa da ruwan toka, kuma garin sabulun wanki da ake amfani da shi a wuraren wankin mota da yawa yana da shi sosai. An yi wannan gari ne domin tufafi, yana wanke duk kakin da aka shafa wa mota, kuma idan kumfarsa ta bushe a jiki tana barin nata farin a kan na ruwa. Baƙar mota da mai launin shuɗi mai duhu sun fi nuna tabo, sun kuma fi ɗaukar zafi, farar mota kuwa tana ɓoye shi ne kawai, tabon yana nan.

Gilashi ma ba ya tsira. Silikan da ke cikin ruwa dangin gilashi ne, saboda haka idan ya bushe a kansa ya daɗe, yakan manne sosai har ya gagari abin da ke narkar da farin kalsiyam. Lamarin a nan ya wuce na ado, domin tabon da ba a cika gani da rana ba yana warwatsa hasken fitilun motocin da ke tahowa da dare, kuma direban da ke bin hanyar Sakkwato ta Samaru zuwa Funtuwa, ko hanyar Kano daga Kwangila, ya san abin da daƙiƙa biyu na rashin gani ke nufi a gaban tirela.

Hanyoyin cirewa

Ƙa'idar da masu sana'ar gyaran fenti suke bi ita ce a fara da mafi sauƙin magani, kada a hau zuwa mai ƙarfi sai mai sauƙin ya kasa. Da farko a kai motar inuwa a bar jikinta ya huce har a iya ɗora tafin hannu a kai ba tare da jin zafi ba, sannan a kwarara ruwa ya ɗauke ƙura kafin soso ya taɓa ta. Wannan mataki ba abin rainawa ba ne, domin ƙwayar yashi ta fi gilashi tauri, balle fenti, kuma goge busasshiyar ƙurar hunturu da tsumma, kamar yadda ake yi da safe a ƙofar gidaje da tashoshin mota, daidai yake da goga wa mota takardar yashi mai laushi. Bayan wanki da sabulun mota, tabon matakin farko yakan tafi.

Wanda ya rage sai a gwada masa asid mai sauƙi, kuma mafi kusa shi ne farin ruwan khal, wanda wasu ke kira binega, mai ɗauke da asid wajen kashi 5 cikin ɗari. Ana haɗa shi rabi da rabi da ruwa mai tsabta, a jiƙa tawul mai laushi a ɗora a kan ɗan wuri na minti ɗaya ko biyu, a shafa a hankali, a ɗauraye, a tsane. Abin da ke faruwa shi ne asid ɗin yana narkar da farin kalsiyam ya mayar da shi gishirin da ruwa ke ɗauka, kuma duk wanda ya jefa ɓawon ƙwai cikin khal ya ga ƙananan kumfa suna tashi ya ga wannan aiki da idonsa. Ruwan lemun tsami da aka tace yana yin irin wannan aiki, sai dai yana barin danƙo idan ba a ɗauraye sosai ba. Sharuɗɗan su ne kada a yi a rana, kada a bar shi ya bushe a jiki, a fara gwadawa a wani lungu da ba a gani, kuma a tuna cewa yana cire kaki tare da tabon, don haka sai an sake shafawa. Akwai kuma magungunan tabon ruwa na kwalba da ake sayarwa a shagunan kayan mota, waɗanda mafi yawansu asid ne mai sauƙi da aka yi wa kauri domin ya tsaya a jiki.

Idan fari ya tafi amma kaushi ya rage, ana amfani da wani yumɓu na roba da aka yi domin wannan aiki, ana zame shi a kan fentin da aka jiƙa da ruwan sabulu, yana tsince abin da ya manne. Tabon mataki na uku kuwa babu ruwan da zai narkar da shi, domin abin da ake gani rami ne. Maganinsa shi ne folish mai ɗan kaushi da ake gogawa da hannu ko da inji, wanda ke rage fentin da ke kewaye har ya yi daidai da gindin ramin. Wannan yana nufin kowace guga tana cinye wani abu daga maikuron 40 ko 50 ɗin nan, kuma ba ya dawowa. Motocin Kwatano da yawa sun riga sun sha guga kafin su iso hannun mai su na yanzu, wasu kuma an sake fesa su a garejin fanal bita, saboda haka ba a san abin da ya rage musu ba. Idan inji ya huda shimfiɗar ƙyalli, sai wurin ya dushe ya fara ɓarewa, kuma babu abin da zai gyara shi sai sabon fenti. Gilashin da silika ya kama ana goge shi da garin folish na gilashi, amma murfin fitilun gaba na motocin yanzu roba ne, ba ya jure abin da gilashi ke jurewa.

Akwai abubuwa biyu da ya wajaba a yi kashedi a kansu. Na farko shi ne kalmar ruwan batir, wadda a bakin mutane take nufin abu biyu mabambanta: tataccen ruwa marar ma'adinai da ake ƙara wa batir, wanda ya dace da ɗaurayar ƙarshe, da kuma asid mai ƙuna da ke cikin batir ɗin, wanda ke cin fenti da tufafi da fata. Mai aika yaro saye sai ya fayyace wanda yake nufi. Na biyu shi ne wasu magungunan wanke ƙafafun mota masu ƙarfi da ke ɗauke da asid na fulorin, wanda ke cin gilashi kansa, yake kuma ratsa fata ya yi mummunar illa ba tare da an ji zafi nan take ba. Duk kwalbar da ba ta da rubutun abin da ke cikinta, barin ta ya fi amfani da ita, musamman ganin cewa yawancin masu wanki matasa ne da ke aiki da hannu tsirara.

Rigakafi

Tun da tabo ba ya samuwa sai ɗigo ya bushe a jiki, rigakafinsa ya ta'allaƙa ne a kan abu uku: lokacin wanki, ruwan ɗauraya, da tsanewa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, a ƙarƙashin rumfa, kuma a cikin hunturu da bazara ya fi kyau a wanke mota kashi-kashi, a gama da rufi a ɗauraye a tsane, sannan a sauko ga ƙofofi, maimakon a shafe ta duka da kumfa a bar ta tana jira. Inuwar bishiya tana taimakawa a lokacin wanki, amma darbejiya da mangwaro suna zubo danƙo da 'ya'ya, tsuntsaye da jemagu kuma suna zubo kashin da ke cin fenti fiye da ruwa, don haka ba wurin kwanan mota ba ne. Bokiti biyu sun fi ɗaya, guda na sabulu, guda na wanke soso, domin kada yashin da aka ɗebo daga jiki ya koma jiki.

Ruwan wankin farko yana iya zama kowane iri, amma na ɗaurayar ƙarshe shi ne wanda zai kwana a jikin mota, don haka shi ya kamata a zaɓa. Hanya mafi arha ta gane ruwa ita ce a ɗiga na rijiya da na burtsatse da na famfo a jere a kan madubi mai tsabta, a bar su su bushe a inuwa, wanda ya fi barin fari shi ne za a nisantar da shi daga ɗauraya. Akwai kuma ƙaramar na'ura mai kamar alƙalami da ake tsomawa a ruwa ta nuna jimillar abin da ya narke a ciki. Ruwan saman da aka tara daga kwano a tsakiyar damina, bayan an bar na farko ya wanke rufin, yana da ƙarancin ma'adinai, haka ma ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, wanda daga laimar iska yake taruwa. Ruwan burtsatsen da ke fitowa garai amma ya koma ja-ja bayan awanni, baƙin ƙarfe ne a cikinsa ke haɗuwa da iska yana zama tsatsa, kuma idan aka bar shi ya kwana a buɗaɗɗen tanki aka ɗebi na sama, yawancin jan yana kwantawa. Irin wannan zaɓi ya shafi tankin ruwan waifa da lagireto, domin ma'adinan da ke ɓata fenti su ne ke toshe ƙananan hancin da ke fesa wa gilashi ruwa, su ne kuma ke yin ɓawo a hanyoyin sanyaya inji.

Wajen ɗauraya, kwararo ruwa a hankali daga sama ya fi fesa shi da ƙarfi, domin ruwan da ke gangarowa a shimfiɗe yana jan kansa ya bar jiki kusan a bushe, feshi kuwa yana barin dubban ɗigo. Daga nan sai tsanewa nan take da tawul mai laushin zare wanda ke shan ruwa, a fara da gilashi da wuraren da ke fuskantar sama, a kuma buɗe ƙofofi da but a goge bakinsu, a kula da gindin madubin gefe inda ruwa ke ɓuya ya gangaro daga baya ya ja farin layi. Tsohuwar riga da ake yi wa tsumma tana tura ruwa ne fiye da shan sa, kuma idan ta taɓa ƙasa ta kwashi yashi.

Kaki da sauran abin shafawa suna ƙara kariya, ko na ganyen wani dabinon ƙasar Barazil da ake kira karnauba, ko na roba, ko sabon nau'in nan mai silika da ke daɗewa. Amfaninsu shi ne ma'adinai su zauna a kansu maimakon fenti, a wanke su da sauƙi. Sai dai suna sa ruwa ya dunƙule ya zama ƙwallaye kamar yadda yake yi a kan ganyen gwaza, kuma kowane ƙwallo idan aka bar shi ya bushe zobe ne, don haka mota mai kaki ma tana bukatar tsanewa. Motar da aka yi wa sabon fenti a gareji kuwa ana jinkirta mata kaki wata ɗaya zuwa uku, har fentin ya gama fitar da abin da aka dama shi da shi.

Kwale-kwale da jiragen ruwa

Zariya ba garin jiragen ruwa ba ce, abin da ake gani a Galma da madatsun yankin kwale-kwalen katako ne na masunta, wanda damuwar mai shi ruɓewa ce da yoyo, tabon ruwa bai dame shi ba. Maganar tana tasowa ne a kan jiragen da aka ƙera da zaren gilashi da danƙo, irin waɗanda ke ɗaukar fasinja a Legas da kuma manyan ruwaye irin tafkin Kainji da aka datse a 1968. Fatar waje ta irin wannan jirgi ta kai wajen rabin milimita, wato kusan ninki goma na shimfiɗar ƙyallin mota, saboda haka ta fi jure guga, amma tana da ƙananan kofofi da ke shan datti, kuma rana tana mayar da ita gari-gari kamar alli idan ba a shafa mata kaki ba. A ruwan daɗi, abin da aka fi gani shi ne layi mai launin ruwan ƙasa a daidai inda ruwa ke tsayawa a jikin jirgi, wanda baƙin ƙarfe da rinin ruɓaɓɓen ganye ke haddasawa, kuma ana cire shi da wani asid mai suna okzalik, da safar hannu, bayan an fito da jirgin tudu domin kada maganin ya koma cikin ruwan da kifi ke ciki. A teku lamarin ya fi tsanani, domin kowace lita tana ɗauke da gishiri wajen giram 35, ninki 70 ke nan na iyakar ruwan sha da aka ambata, kuma busasshen gishiri yana jawo laima daga iska ya ci ƙarfe. Shi ya sa ma'abota jiragen teku suke ɗauraye jiki da ruwan daɗi bayan kowace fita, suna kuma zagaya shi ta cikin injin.

Abin da ya rage ga mai wanki da mai mota

Idan aka jera kuɗin matakan da aka bayyana, za a ga suna hawa ne da tsalle: tawul da rumfa da jarkar ruwan sama kusan kyauta ne, kwalbar khal kuɗinta kaɗan ne, folish da inji yana cin kuɗi yana kuma cin fenti, sabon fenti kuwa yana cin abin da ya ninka su duka, sannan yana rage darajar mota a idon dillali, wanda da ya ga alamar feshi zai fara zargin haɗari. Mai wurin wanki a unguwar PZ ko a bakin kasuwar Samaru wanda ya kafa rumfa, ya ware tanki ɗaya na ɗauraya, ya koya wa yaransa tsanewa kafin su koma kan mota ta gaba, ya ƙara wa aikinsa inganci ba tare da ya sayi injin komai ba. Mai mota kuma da ke zuwa da tsakar rana yana gaggawa, ya karɓi makulli motar tana ɗiga ya hau titi iska ta busar masa, shi ne ya ɗauki matakin da ya samar da tabon da zai yi ƙorafi a kansa gobe. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma farin da ke jikin mota yana da sanadin da ake iya nunawa da yatsa: wane ruwa aka ɗebo, da wane lokaci aka zuba, da kuma minti nawa aka bar shi kafin tawul ya iso.